Fasa-ƙwauri: Me Ya Sa Masu Sahu Ɗaya Ke Ba Shi Hukunci Biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da abokai biyu 'yan kasuwa, kowannensu ba ya wasa da salla, kuma babu rago a cikinsu. Ɗaya yana shigo da kayansa ta ɓarauniyar hanya don kada ya biya kuɗin kwastam. In an yi masa magana sai ya ce guminsa yake ci, harajin ma zalunci ne. Ɗayan kuwa ko sayen irin waɗannan kaya ba ya yi, ya ce haramun ne. Kowa yana jawo aya da hadisi. Shin abin da Musulunci ya koyar game da aiki da neman halal ba shi da tasiri ne a kan yadda mutum ke kallon fasa-ƙwauri, ko kuwa wani abu ne daban ya raba su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tasirin yana nan, kuma babba ne. Sai dai koyarwar Musulunci game da aiki ɓari biyu gare ta, kuma mutum na iya rungumar ɗaya ya saki ɗaya ba tare da ya ji a jikinsa cewa wani abu ya suɓuce masa ba. Abin da ke zaɓar masa ɓarin da zai riƙe, a mafi yawan lokuta, shi ne mazaunin da ya ba kuɗi a zuciyarsa. Na daɗe ina karantar da fikihun ciniki, na zauna da masu wannan harka da masu ƙyamarta, kuma da wuya na ga ƙarancin ilimi ne ya raba su. Sau da yawa ma mai fasa-ƙwaurin ya fi abokinsa haddace hujjoji, domin shi ne yake da buƙatarsu.

Kalmar fasa-ƙwauri tana lulluɓe da abubuwan da hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai mai safarar abin da shi kansa haramun ne ko mai kisa: miyagun ƙwayoyi, makamai ga masu ɓarna, jabun magunguna, ko 'yan Adam. Babu malamin da ake ji da shi da ya tsaya gardama a kan wannan. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan magani ɗaya cikin goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi jabu ne ko mara inganci. Wanda ya ɗauko irin wannan ya kawo wa mara lafiya, hadisin nan na "babu cuta, babu cutarwa" ya gama da shi. Akwai kuma mai kwashe kayan da aka sa wa tallafi da dukiyar jama'a ya ƙetara da su inda suka fi tsada; shi ma lamarinsa a fili yake, rabon talaka ya ɗauke. Gardamar tana kan na uku, wanda nake jin abokinka yana ciki: kayan halal ne tsaf, da kuɗinsa ya saya, laifinsa kawai ya ƙi bi ta ƙofa.

Ɓari na farko na koyarwar kowa ya san shi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce babu abincin da mutum ya taɓa ci da ya fi wanda ya ci daga aikin hannunsa, ya kuma ba da misali da Annabi Dawuda. Ya ce mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane. Abdurrahman ɗan Aufu ya iso Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa Ba'ansare ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Suratul Jumu'a ta ce idan an idar da salla a watsu a cikin ƙasa a nemi falalar Allah. Wannan shi ne zuciyar nema, kuma addini ya ɗaukaka ta.

A 1988 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Abbas Ali ya tsara wani ma'auni da masu bincike ke aiki da shi har yau don auna abin da suka kira ɗa'ar aiki ta Musulunci. Jimloli 46 ne ake ba mutum ya faɗi iya yardarsa da kowace, daga baya aka taƙaita su zuwa 17. A cikinsu akwai cewa lalaci aibi ne, ba da kai ga aiki abin yabo ne, kuma darajar aiki tana ga niyyar da aka yi shi da ita. To ka ɗauki wannan takarda ka miƙa wa abokinka. Ina kyautata zaton zai amince da kusan duk abin da ke ciki, kuma ba ƙarya zai yi ba. Mutumin da ke raba dare a hanya, yana sa dukiyarsa da ransa a haɗari don ya ciyar da iyali, ba za ka kira shi rago ba. Shi ya sa nake jan hankalin ɗalibaina cewa ƙwazo kaɗai ba ya gaya maka yadda mutum zai kalli fasa-ƙwauri. Wani lokaci ma ƙwazon ne ke zame masa hujja: na sha wahala, saboda haka halal ne.

A nan ne ɓari na biyu yake shigowa, kuma shi ne ake yawan saki. Gumi ba ya halatta dukiya. Wanda ya kwana yana fasa katangar mutane shi ma ya yi gumi. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da tambayoyin ranar ƙiyama, rayuwa da ilimi da jiki tambaya ɗaya-ɗaya ake yi a kansu, amma dukiya biyu: daga ina ya samo ta, a ina ya kashe ta. Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da tsibin hatsi, ya cusa hannu ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai hatsin nan ɗan kasuwa ne, a bakin sana'arsa aka same shi, ba zaman banza yake ba. Abin da aka kama shi da shi ɓoyewa ce. Aiki a Musulunci ƙoƙari ne da gaskiya da amana a ɗaure waje guda. In ka kwance ɗaurin, abin da ya saura a hannunka ba shi ne aka yaba ba.

Yanzu hujjar zalunci, wadda ba na so a yi mata riƙon sakainar kashi, domin tana da tushe. Larabawa na da abin da suke kira makasu, wato kuɗin da masu iko ke tatsa daga fatake a hanyoyi da kasuwanni ba bisa haƙƙi ba. A Sahihu Muslim, lokacin da Annabi (SAW) yake bayyana girman tubar matar nan Bagamidiya da ta kai kanta a tsayar mata da haddin zina, ya ce ta yi tubar da in da mai karɓar makasu ne ya yi irinta da an gafarta masa. Ka ga an sanya shi a sahun masu manyan zunubai ke nan. Umar ɗan Abdul'aziz ya soke irin waɗannan kuɗaɗe a zamaninsa, har an ruwaito ya ba da umarni a rushe gidan karɓarsu da ke Rafah a watsa ɓaraguzansa a teku. Matafiyin nan ɗan Andalus, Ibnu Jubair, ya sauka Iskandariyya a 1183 ya rubuta yadda ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka zazzage kayan alhazai, suka karɓi zakka ba tare da sun tambayi ko shekara ta zagayo wa dukiyar ba, wasu kayan ma suka salwanta a cikin turmutsutsun. Ƙorafin abokinka tsoho ne, kuma mutanen kirki sun riga shi yin sa.

Amma tarihin bai tsaya nan ba, kuma nan ne masu jawo hadisin makasu kan yi shiru. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya fara tsayar da masu karɓar ushira a hanyoyin fatauci. Ana karɓar kashi 2.5 cikin 100 daga Musulmi, kashi 5 daga kiristoci da yahudawan da ke ƙarƙashin amanar daula, kashi 10 daga fataken ƙasashen waje, ramuwar abin da su ma suke karɓa daga Musulmi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ya rage wa fataken Nabaɗawa zuwa rabin ushira, wato kashi 5 cikin 100, a kan alkama da mai don a riƙa kawo su Madina da yawa, ya bar cikakkiyar ushira a kan dangin wake. Wato tun a lokacin ana ɗaga kuɗin iyaka ana sauke shi gwargwadon maslahar jama'a. An kuma ruwaito wani Kirista ɗan ƙabilar Taglib ya kai ƙara an nemi a karɓa daga wurinsa sau biyu a shekara guda, Umar ya rubuta wa ma'aikacinsa cewa sau ɗaya ake karɓa. Tsari ne mai ƙa'ida, mai ƙofar kai kuka.

Gaskiya ita ce abin da Umar ya karɓa daga Musulmi zakkar kayan ciniki ce, saboda haka ba za a ɗauke shi kai tsaye a ce shi ne kuɗin kwastam na yau ba. Hujjar haraji bayan zakka daga wani wuri ta fito. Juwaini da almajirinsa Gazali, daga baya kuma Shaɗibi na mazhabar Malikiyya, sun tafi a kan cewa idan baitulmali ya gaza kuma buƙatar jama'a ta tabbata, shugaba na iya ɗora wa masu hali abin da zai toshe ta. Sharuɗɗan kuwa masu nauyi ne. Da Sarki Ƙuɗuz na Masar ya nemi tara kuɗi daga talakawa don tarar rundunar Tattar, gab da yaƙin Ainu Jalut na 1260, babban malamin nan Izzu ɗan Abdussalam ya ce masa ba ya halatta sai baitulmali ya ƙare, kuma sarakunan yaƙi sun sayar da kayan ƙawarsu na zinariya sun dawo daidai da sauran jama'a. Buƙata ta gaskiya, rabo na adalci, kashewa a inda aka ce za a kashe: da waɗannan ake bambance haraji da makasu. A cikin malaman zamani akwai masu ganin kuɗin kwastam ya halatta bisa wannan, akwai kuma masu ganin har yanzu makasu ne. Saɓanin na gaske ne, ba zan ɓoye maka ba.

Sai dai mu ɗauka abokinka ya yi daidai, harajin zalunci ne. Shin wannan ya wanke abin da yake yi a hanya? Malaman da suka yi sassauci ga mai kuɓutar da dukiyarsa sun gindaya cewa kada a yi ƙarya, kada a ba da cin hanci, kada a cutar da wani, kada mutum ya jefa kansa cikin halaka ko wulaƙanci. Ni kuwa ban san fasa-ƙwaurin da ya zama sana'a ba tare da waɗannan ba. Akwai takardar da ake rubuta kaya kaza alhali wasu ne a ciki, ko a rage ƙimarsu a sa hannu. Akwai rantsuwa idan an tsare mota, alhali Annabi (SAW) ya ce rantsuwa tana sayar da haja tana shafe albarka. Akwai jami'in da ake yi wa toshiyar baki duk wata. Wasu kan ce ai malamai sun yarda mutum ya bayar don ya kare kansa daga zalunci, zunubin yana kan mai karɓa. Haka ne, amma wannan ga wanda aka tare wa haƙƙinsa ne ba shi da mafita. Wanda ya je da ƙafarsa ya nemi jami'i, suka ƙulla yarjejeniya ta shekara da shekaru, shi ne ya lalata shi. Hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, ya hana ma'aikaci karɓar ko da kyauta ce saboda kujerarsa, balle abin da aka yanka masa don ya kau da kai.

Akwai kuma wanda ba a lissafa shi ko kaɗan, shi ne abokinka na biyu. Ya biya abin da aka ce ya biya, ya kawo kayansa kasuwa, ya tarar da irinsu ana sayarwa ƙasa da kuɗin da ya kashe. Suratun Nisa'i ta halatta cinikin da aka yi bisa yardar juna, kuma mai fasa-ƙwauri kan ce ai mai saye ya yarda, mai sayarwa ya yarda. To shi wannan na ukun da aka karya wa jari saboda ya riƙe gaskiya, wa ya nemi yardarsa? Idan kuma aka ce hukumar ba ta adalci, ko ba ta Musulunci ba ce, sai a tuna da Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa. Ƙuraishawa sun kama su a hanya, suka sake su bisa alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka iso ana shirin Badar, Musulmi na da ƙarancin mutane, amma Annabi (SAW) ya ce su koma: za mu cika musu alkawarinsu, mu nemi taimakon Allah a kansu. Wanda ya karɓi lasisin ciniki ko takardar shiga ƙasa ya sa hannu a kan sharuɗɗanta, alkawari ya ɗauka. Ha'incin wani ba ya buɗe maka ƙofar ha'inci. Hadisi ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka.

Duk waɗannan abokinka ya san su, ko ya taɓa jin su. Me ya sa ba su yi nauyi a ma'auninsa ba? Nan ne maganar kuɗi.

Musulunci bai zagi dukiya ba. Annabi (SAW) ya ce wa Amru ɗan Asi madalla da dukiya ta gari a hannun mutumin kirki. Abin da aka zarga shi ne yanayin riƙon. Suratul Fajri ta ce kuna son dukiya so mai yawa, Suratul Adiyat ta ce mutum mai tsananin son dukiya ne, hadisin Buhari kuma ya kira wani bawan dinari, bawan dirhami, wanda in an ba shi ya yarda, in an hana shi ya yi fushi. Abin sha'awa, masu binciken halayyar ma'aikata sun iso kusa da nan ta tasu hanyar. Thomas Tang ya tsara ma'aunin yadda mutane ke ɗaukar kuɗi a 1992, kuma a wani bincike da ya fitar tare da Randy Chiu a 2003 a kan ma'aikata a Hong Kong, sun samu cewa yawan albashin mutum ba shi ke da alaƙa da karkatarsa ga rashin gaskiya ba, son kuɗinsa ne ke da ita. Ina ɗaukar irin waɗannan bincike da taka-tsantsan, domin abin da mutum ya faɗa a takarda game da kansa suke aunawa, kuma gwano ba ya jin warin jikinsa. Amma sakamakon ya dace da abin da ake gani: talauci da wadata ba su ke yanke hukunci ba.

Yadda son kuɗi ke aiki a zuciyar mai addini shi ne abin da ya fi damuna. Ba ya zuwa ya ce masa ka bar Allah. Zuwa yake ya zauna kusa da shi lokacin da ake karanto dalilai, ya riƙa nuna masa wanda zai saurara. Sai ka ga mutum ya haddace hadisin makasu da isnadinsa, amma hadisin la'antar mai ba da cin hanci da mai karɓa ya zame masa kamar bai taɓa ji ba. A 1957 wasu masana halayyar masu laifi biyu a Amurka, Gresham Sykes da David Matza, sun yi bayanin cewa yawancin masu karya doka ba su kafirce wa ƙa'idojin al'ummarsu ba. Dabaru suke da su na kwantar da zuciya kafin su aikata. Mutum ya ce ba laifina ba ne, hali ne ya sa. Ya ce ba wanda aka cuta. Ya ce wanda aka cuta ɗin shi ya jawo. Ya ce masu zargina sun fi ni ɓarna. Ya ce don iyalina nake yi. Ka sake sauraron abokinka da kyau, za ka ji su kusan a jere, sai dai kowace an sa mata rawani.

Akwai hanyoyin da mutum zai gane wa ke magana a cikinsa, ƙin zalunci ko kwaɗayi. Idan gobe aka rage harajin zuwa rabi, zai koma bi ta ƙofa, ko zai ce har yanzu da sauran riba a ɓarauniyar hanya? Abin da ya tsira da shi daga hannun hukuma, yana sauke wa mai saye farashi da shi, ko aljihunsa yake zurarawa? Yana ƙididdige zakkar waɗannan kaya daidai, tunda ita ba mai cewa zalunci ce? Ya taɓa neman fatawa alhali yana tsoron amsar za ta ci masa kuɗi, kuma ya yi aiki da ita da ta zo? Mai gudun zalunci da gaske yakan ji nauyin abin a ransa, yana neman ranar da zai daina. Wanda kuɗi ke ja kuwa faɗaɗa harkar yake yi, kuma ranar da aka soke harajin gaba ɗaya baƙin ciki zai yi, domin ribarsa daga tazarar da harajin ya haifar take fitowa. Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Babban ɗan fasa-ƙwauri ba maƙiyin haraji mai tsanani ba ne. Da shi yake rayuwa.

Ba na haɗa kowa a kwando ɗaya. Wanda ya ɗauki ɗan ƙullin kaya a ka ya tsallaka iyaka don abin da za a ci yau, da mai jerin manyan motoci da bai taɓa kwana a daji ba, ba matsayinsu ɗaya ba. Shari'a ta san larura. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, kuma da bayin Haɗibu suka yanka taguwar wani saboda yunwa, Umar ya ci ubangidansu tara. Amma larura ana auna ta ne da gwargwadonta, ba a gina bene da ita. Kuma a wannan harka kusan kullum kura ce ke shan bugu gardi na karɓar kuɗi: yaron mota da ɗan dako su ake kamawa, su ake harbi, su ke faɗawa rami da dare. Mai kayan da ya tura su ya sani. Wannan ma yana cikin tambayar daga ina ya samo ta.

Su ma masu mulki ba su fita ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ibnu Haldun ya rubuta a Muƙaddimarsa, wajen 1377, cewa a farkon daula haraji kaɗan ne abin da ake tarawa da yawa, a ƙarshenta haraji da yawa abin da ake tarawa kaɗan, domin nauyin yana kashe wa mutane zuciyar nema. Ingila ta gwada wannan a aikace. A ƙarni na 18 harajin ganyen shayi ya kai kashi 119 cikin 100, fasa-ƙwaurinsa ya cika gaɓar teku. A 1784 gwamnatin William Pitt ta sauke shi zuwa kashi 12.5, harkar ta durƙushe cikin ɗan lokaci. Hukumar da ta tsawwala kuɗin iyaka, ta bar jami'anta suna tatsar mai gaskiya fiye da mara gaskiya, jama'a kuma ba su ga inda kuɗin ke tafiya ba, ita ke raunana wa'azin malamai da hannunta. Ƙa'idar fikihu ta ce duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawa a rataye yake da maslaharsu. Malamin da zai gaya wa ɗan kasuwa ya ji tsoron Allah a kan iyaka, wajibi ne ya faɗa wa mai sa harajin irin abin da Izzu ya faɗa wa Ƙuɗuz.

Akwai wani sahabi da nake yawan kawowa idan ana wannan magana, Hakimu ɗan Hizam. Lokacin da Ƙuraishawa suka ƙaurace wa Banu Hashim suka tsare su a kwarin Abu Ɗalib kusan shekara uku, ba saye ba sayarwa, Hakimu bai ma musulunta ba tukuna, amma ya ɗauki alkama zai kai wa gwaggonsa Nana Hadiza. Abu Jahal ya tare shi, sai da Abul Bakhtari ya shiga tsakani. Hishamu ɗan Amru shi ma yakan yi wa raƙumi lodi da dare, ya kai shi bakin kwarin, ya cire masa akala ya kora shi ciki. Karya takunkumi ne ƙarara, kuma littattafan tarihi da yabo suke ambatonsa, domin dokar zalunci ce tsantsa, mutane na mutuwa da yunwa, masu yin kuma asara suke yi ba riba ba. Shi wannan Hakimun, bayan ya musulunta, ya roƙi Annabi (SAW) dukiya sau uku ana ba shi, sannan aka ce masa: ya Hakimu, wannan dukiya koriya ce mai zaƙi, wanda ya karɓe ta da wadatar zuci za a sa masa albarka, wanda ya karɓe ta da haɗama ba za a sa masa ba, zai zama kamar mai ci ba ya ƙoshi. Daga ranar ya yi rantsuwa ba zai ƙara karɓar komai a hannun kowa ba. Abubakar ya kira shi ya karɓi rabonsa ya ƙi, Umar ya kira shi ya ƙi, har ya sa Musulmi su shaida. Kuma shi ne ya ruwaito hadisin da ke cewa mai saye da mai sayarwa in sun yi gaskiya sun bayyana za a sa albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sun yi ƙarya za a shafe ta.

Game da abokinka, shawarata kada ka fara da kalmar haramun, domin yana da amsarta a shirye. Ka same shi shi kaɗai, ka amince masa da abin da yake da gaskiya a kai, cewa harajin na iya yin nauyi kuma ana cin zalin 'yan kasuwa a hanya. Sannan ku ɗauki takarda ku yi lissafin shekara guda tare: abin da ya ba jami'ai, kayan da aka ƙwace, waɗanda suka lalace a ɓoye, abin da ya kashe wajen belin yaransa, da sau nawa ya sa hannu ko ya rantse a kan abin da ya san ba haka yake ba. A gefe guda ku rubuta abin da zai biya in ya bi ta ƙofa. In ya tarar cinikin zai tsaya da ƙafarsa ko da ribar ta ragu, to ya san abin da ya rage masa. In kuwa ya tarar kayan ba sa fita sai ta ɓarauniyar hanya, sai ya fara neman wata haja tun jarinsa na hannunsa, ya kuma haɗa kai da abokan sana'arsa, har da shi wancan abokin naku mai biya, su kai kukan nauyin harajin ga waɗanda suka sa shi, da sunayensu da lissafinsu a rubuce.